Musbahu da Rufin Ɗakin Karatu

Ranar da Musbahu ya sauka Kebbe da jakar kwamfutarsa, hadari ya haɗu gabas tun hantsi. Ina ɗakin karatu na jama'a tare da Malami, mai kula da ɗakin, muna jera robobi a wuraren da rufi ke yoyo.

Na san Musbahu tun yana yawo ba wando a Tambuwal. Ubansa Almu mai gyaran rediyo ne, maƙwabcina a da, mutum mai kunya. Ɗan bai gaji wannan ba. Ya je Sakkwato ya koyo gina shafin intanet, ya dawo yana gaisawa da dattawa idonsa na kan waya. Makaɗan Dogon Daji ya fara yi wa shafi. Da suka ga hotunansu ba su gane kansu ba, don duk ya goge musu tsagar fuska.

Abin da ya kawo shi, wata hukuma mai tallafa wa ɗakunan karatu ce ta ce kowane ɗaki ya buɗe shafi. Ta nan za ta duba, ta zaɓi waɗanda za a sake wa kwanon rufi. Namu kuwa duk damina sai Malami ya kwashe littattafai ya bi kusurwa da su, har da rubuce-rubucen ajami da tsofaffi suka bari.

Malami ya nuna masa sama. “Ɗana, wanga rami nika so ka ɗauka. Su gani da idonsu.”

Musbahu ya yi dariya. “Haba Baba, duniya duka za ta kalli shafin nan. Idan baƙo zai zo gidanka, tsumma kake shimfiɗa mai?”

“Baƙon ai magini ne,” in ji Malami.

Bai saurara ba. Ya sa aka fitar da robobi, ya aro kujerun biki da darduma, ya tsayar da mu cikin manyan riguna kamar ranar Sallah. Ni aka ba wani ƙaton littafin Turanci in riƙe, ni da ko sunana da ƙyar nake haɗawa da boko. Baƙin tabon da ruwa ya yi wa silin kuwa, da ɗan yatsa ya share shi cikin kwamfuta. Ba zan ɓoye ba, mutanen gari sun yaba, suka ce ya rufa mana asiri.

Bayan makonni aka bugo wa Malami waya daga hukumar. Suka ce sun ga shafi, sun ji daɗi ƙwarai, za su riƙa nuna shi a matsayin abin koyi. Kwano kuma an ba mabuƙata.

Cikin Agusta rufin ya rufta ta gefen yamma. Muka shanya littattafan da suka saura a kan tabarma. Na ajami tawadarsu ta narke, takardun suka manne da juna. Da Malami ya gaya wa Musbahu, sai ya ce, “Ku bari ya bushe, in zo in ɗauki sabon hoto.”

Yanzu Musbahu yana Tambuwal, yana da shago kusa da tasha. Hoton nan namu ne a allon ƙofarsa, ga ni nan riƙe da littafi. Shafin ma yana nan, yana cewa ɗakin a buɗe yake kullum.