Tsakar da Na Ɓoye a Firigon Inna

Ranar da aka rufe lakwal, wato makaranta, a ƙarshen watan Yuni na 1986, ina da shekara tara, na tsaya a ƙofar ajinmu ina kallon mai gadi yana sauke akwatin gilashi daga kan tebur. A cikinsa akwai aksolotil ɗin ajinmu, wata halitta mai kama da ƙadangare amma a ruwa take rayuwa, fara mai ɗan ja-ja, da jajayen tuntaye uku-uku a gefen kai waɗanda take numfashi da su. Sati biyu ke nan ta kasa nitsewa. Bayanta ya tashi sama kamar an hura mata iska, ƙafafun baya suna reto, in ta yunƙura ta kai ƙasa sai ruwa ya sake turo ta. Madam, malamarmu, ta ce babu mai ɗaukar mara lafiya zuwa hutu, mai gadi kuwa ya nuna hanyar makewayi da haɓa. Ban nemi izinin kowa ba. Na ɗauraye bokitin da muke wanke burushin fenti, na kamfato ta da ruwanta, na fice.

Ɗaki biyu ne gidanmu, a hawa na shida, kusa da unguwar Château Rouge a Paris, inda Baba yake sayar da atamfa da shadda. Aikina a lokacin hutu shi ne ninke yadin da mata suka warware ba su saya ba, da sauke shara, da wanke kwanoni, sai carafke da muke yi da 'yan matan maƙwabta a kan matakala har matar da ke kula da gidan ta kore mu. Inna, mutuniyar Damagaram, ta leƙa bokitin sau ɗaya ta ja da baya tana a'uziyya. Na yi ta bayanin abin da Madam ta koya mana, cewa daga wani tafki na Meksiko asalinta yake. Inna ta ce, "Ko daga ina take, tsaka ce." A wurinta tsaka ko inuwarta ba ta kusantar abinci. Aka yarje mini in ajiye ta a bakin taga, da sharaɗin kada a ƙara ganin ta.

Zafin Yuli ya sauko a kan rufin kwano, ruwan ya yi ɗumi, tuntayen suka fara ƙanƙancewa. Na tono mata tana a lambun unguwa ta ƙi ci. Da Kawu Habu, ƙanen Inna da ke karatu a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, ya bugo waya ranar Lahadi, na karɓe kan wayar na zayyana masa komai. Bai yi dariya ba. Lahadin gaba ya kawo amsar wata mata da ke kiwon irinsu a ɗakin bincike: wataƙila tsakuwa ta haɗiya, a sa ta a ruwa kaɗan yadda ƙafafunta za su taɓa ƙasa, a sauya ruwan kullum da wanda ya kwana, kuma a ba ta sanyi. Wuri ɗaya ne mai sanyi a gidanmu. Na sa ta a roba mai murfi, na huda murfin da ƙusa, na tura ta ƙasan firigo bayan ganyen salati, wato latas.

Kwana uku asirina ya rufu. A na huɗu Inna ta buɗe robar tana zaton ragowar miya ce. Ba ta dake ni ba, abin da ta yi ya fi duka zafi: ta kwashe duk abin da ke firigon, naman sati guda da miyar kuka da nono, ta ɗaure a leda ta ce ni zan sauke su shara. Na sauke ina kuka. Baba ya dawo ya yanke hukunci cewa gobe za a zubar da tsakar. Na rungume robar na zauna a ƙasa, na ce to ni ma na daina cin abinci. Inna ta ce, "Yunwa ba ta da ƙanwa, za ki sauko." Ban sauko ba. Wuni biyu ruwa kawai na sha, ƙamshin shinkafa yana yanka mini hanji, kaina yana juyawa, amma ko makewayi da robar nake shiga.

Baba ne ya gaji. Ya ce wa Inna, "Hajiya, wannan taurin kan naki ne, ba nawa ba." Ya haɗa ni da wani Alhaji abokinsa mai zuwa Lyon, muka shiga jirgin ƙasa, robar a cinyata cikin tawul da ƙanƙara, Alhaji yana ta matsawa gefe da carbinsa. Kawu ya fitar da komai daga ɗan firigon ɗakinsa ya ba mu wurin. Kowace safiya ina sauya ruwa, ina tallafe bayanta da cokali don ta huta da yunƙuri. A kwana na tara na tarar da tsakuwa uku a ƙasan robar, ita kuma tana tsaye daram a kan ƙafafunta. Ta tako zuwa yatsana tana jan ƙafar hagu ta baya, wadda ba ta ƙara miƙewa ba har abada. Na yi ihun da ya fito da ɗaliban da ke hawa ɗaya da Kawu duka.

Inna ba ta taɓa yarda tsakar ta dawo Paris ba, ni ma ban taɓa ba da haƙuri a kan abin da na yi ba, sai dai a kan naman. A Lyon tsakar ta zauna wurin Kawu shekara huɗu, ina zuwa duk hutu.

Yau 'ya'yana suna samun amsar kowace tambaya a waya kafin shayi ya huce, ba su san jiran Lahadi ba. Ni kuma na girma, na iya lallashi da kawar da kai, na iya cewa to a ofis alhali zuciyata ba ta yarda ba. Wani lokaci ina kewar yarinyar nan. Ita ba ta san ana sasantawa ba.