Mai Tambayar Waƙa a Kasuwar Gwaram

Bari in ba ku labarin wata baiwar Allah. Ga ta tsaye a rumfar mai cajin waya a kasuwar Gwaram, siririya, gyalenta na ta zamewa. Wai wata mujallar waƙoƙi ce ta turo ta daga Kano, ta jiyo abin da matasa ke saurare. Motar Birnin Kudu ta ƙarshe kuwa, wadda za ta hau ta koma, ta kusa tashi.

'Yan mata uku na gabanta, kai a sunkuye.

"Mu ƙasida kawai muke ji, Anti," in ji babbarsu, tana satar kallon benci. Ashe malaminsu na Islamiyya ne zaune yana jiran wayarsa.

Baƙuwar tana cizon leɓe. Da wannan amsar za ta koma wa editanta?

Kwatsam sai waƙar soyayya ta ɓarke daga wayar da ke cikin hijabin ƙaramarsu, kiɗa har da guɗa. Malam ya ɗago kai. Yarinya ta ƙame.

Baƙuwar ta cusa hannu cikin jakarta tana lalube. "Afuwan, Malam, tawa ce."

Ina jin ita ma ta taɓa ƙamewa haka a gaban wani malami, kuma ba wanda ya ce tasa ce.