Yaren Barikin Saje Hammadu

Duk Kabara babu mai kiran mahaifinmu da sunansa tsura. Saje Hammadu ake ce masa, har limamin masallacinmu. Ya bar gida yana ɗan shekara ashirin da cewa ya tafi shiga soja, ya yi shekara goma sha tara a kudu, sannan ya dawo da akwatin ƙarfe, da hoto guda cikin kaki, da wani yare da ya hana mu sakat. Bayan dawowarsa ya auri Inna Dije, aka haife ni, ni Zubaida, sai ƙanena Abdulmalik bayan shekara uku. Aikin gadin wata makarantar firamare a Gwale ma albarkacin sunan nan ya samu, don an ce ɓarawo ba ya tsallaka katangar tsohon soja.

A gidanmu ba a tashi daga barci, sai dai a fito fareti. In ka yi sharar tsakar gida ba ta yi ba, Baba ba zai ce ka sake ba, sai ya daka tsawa, "Ajuwaya!" In ya tambayi lafiyarka, amsar ita ce "Ol korek sa," ko da zazzaɓi na kaɗa ka. Wanda ya ɓata masa rai kuwa, tun daga mai kayan miya har kawunmu, sunansa bulodi sibiliyan, wato farar hula marar amfani. Ni tun ina firamare na ƙi. Na ce Hausar da Inna ta shayar da ni ta ishe ni, shi kuma ya ce dama ni ba na jin oda. Inna takan yi dariya ta ce bariki ɗaya gare mu a Kabara, shi ma ɗakin girkinsa yoyo yake.

Abdulmalik ne ya haɗiye komai. Yaron nan bai taɓa ce wa Baba ina kwana ba, sai dai ya buga ƙafa ya ce, "Monin sa." Yakan tsaya gaban hoton nan na falo yana gwada tsayuwar, ƙirji a waje, haɓa a sama, har sai na ce masa ya matsa zan wuce da ruwan zafi.

Abu biyu ne na Baba ban taɓa fahimta ba. Bayan hannuwansa cike yake da tabon ƙuna, ƙanana da manya, ya ce bakin bindiga ne in ya yi zafi. Sannan bai yarda kowa ya goge masa kaya ba. Duk Juma'a da safe zai zuba gawayi a wani tsohon dutsen guga, ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa. In ya fito, karin rigarsa kamar ya yanka mutum.

Da Abdulmalik ya cika ashirin da ɗaya ya cike takardar neman shiga soja, sunansa kuma ya fito cikin waɗanda za a tantance. Mako biyu Baba ya yi yana ba shi horo a zaure.

"Kada ka je musu da ranka ya daɗe," in ji shi. "Suna jin yaren gida a bakinka sun gama raina ka. Ka buga ƙafa, ka sara, ka amsa da ƙarfi. Su san ɗan soja ne ya zo."

Na ce, "Baba, koyo fa zai je nema. Wa ya taɓa zuwa makaranta da karatun malam a bakinsa?"

"Ke me kika sani? Sibiliyan!"

Na ja bakina na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin shirun nan.

Ran Talata da asuba Abdulmalik ya tafi bariki wajen tantancewar, bayan azahar wayata ta yi ƙara. Lambar Abdulmalik ce, amma muryar ba tasa ba. Wani mutum ne mai kaurin murya, yana magana dalla-dalla kamar mai karanta takarda. Ya ce daga bariki yake kira, sun riƙe ƙanena. Tun da safe suke lura da shi, tsayuwarsa da amsarsa da yadda yake sarawa duk na wanda ya taɓa shan horo ne. Suna zargin soja ne da ya gudu daga bakin aiki, ya dawo da sabon suna, don sun sha kama irinsu. Shi kuma yaron ya ce ubansa tsohon saje ne, a gida ya koya. To uban ya zo da littafinsa na sallama daga aiki kafin ƙarfe shida. In ba haka ba, gobe da safe za a wuce da yaron wajen masu bincike, can kuma ba shi da ikon cewa ga ranar fitowa.

Na tsorata, amma na yi ta maza, don a ganina abin mai sauƙi ne. Na samu Baba a tsakar gida yana alwala na faɗa masa. Na zaci zai miƙe ya ce a ɗauko masa akwati. Sai na ga butar ta suɓuce daga hannunsa. Ya zauna a kan turmi yana salati, da Hausa da Larabci, babu ko kalmar bariki ɗaya. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar, shi ya sa nawa ya ninka.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko takardar haihuwar Abdulmalik da na makarantarsa duka ta danƙa mini, sannan ta dubi Baba ta ce, "Malam, tashi. Ɗanka ne."

Muka tari a-daidaita-sahu. Har muka fita ta Ƙofar Na'isa hannunsa sai rawa yake a kan gwiwa. Na tambaye shi ina littafin.

"Babu littafi, Zubaida."

"Ya ɓata ne?"

"Ba a taɓa ba ni ba."

A hankali ya faɗa mini, yana kallon titi. Da ya je kudu ya shiga layi kamar kowa, aka duba tafin ƙafarsa aka ce a shimfiɗe yake, ba zai jure tafiya ba, aka kore shi. Ga shi an yi masa rakiya har tasha, mahaifiyarsa ta sayar da tunkiya ta yi masa guzuri. Kunya ta hana shi dawowa. Sai ya laɓe a kasuwar bariki wajen wani mai wanki da guga, ya koyi sana'ar, ya yi shekara goma sha tara yana goge kakin wasu. Hoton falo ma rigar wani saje ce da aka kawo guga, ya ara na minti goma. Da ya dawo aka fara ce masa Saje, bai ce e ba, bai ce a'a ba, har abin ya bi shi.

"Inna ta sani?"

"Tun makon farko. Ta ga yadda nake riƙe dutsen guga."

Raina ya ɓaci. Na so in tambaye shi da wane bakin ya yi shekaru yana ce mini sibiliyan. Amma tsoro ya danne fushin, don na gane inda muka dosa. In ya yi shiru, Abdulmalik ya tafi. In ya faɗi gaskiya, ya kai kansa gaban sojoji a matsayin sojan gona.

A bakin ƙofar barikin aka caje mu, aka haɗa mu da wani soja ya raka mu. Muka ratsa fili cike da samari cikin singileti da gajeren wando, kowa ya yi tsuru-tsuru. Can gefe, a gindin wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da suke kira gadurum, na hango Abdulmalik zaune a ƙasa, ba takalmi, an ajiye mai bindiga a kansa. Leɓensa ya bushe. Da ya ga Baba sai fuskarsa ta washe, ya yunƙura zai miƙe ya sara, aka daka masa tsawa ya koma.

Mutum biyu ne a bakin wani tebur a barandar ɗakin, wani kyaftin matashi da wani samanja mai furfura, shi ne wanda ya kira ni. Muna isa na ga ƙafar Baba ta ɗaga za ta buga ƙasa, hannunsa ya kama hanyar goshi. Sabo ne, jikin ne ke yi da kansa. Na damƙe hannun rigarsa da ƙarfi. Ya tsaya, sannan ya rusuna.

"Sannunku da aiki, ranku ya daɗe. Ni ne mahaifin yaron nan."

"Ina littafin sallama?" in ji samanjan.

"Ba ni da shi."

"Lambarka ta aiki?"

"Ba ni da lamba, ranka ya daɗe. Ban taɓa zama soja ba. Mai guga ne ni. A kasuwar bariki na tsinci yaren, na zo na ɗura wa yaron nan tun yana goye. Bai taɓa kwana a bariki ba. In akwai laifi, nawa ne."

Ban iya duban Abdulmalik ba, amma na ji numfashinsa.

Kyaftin ɗin ya ce wannan ba hujja ba ce, kowane uba zai iya ƙirƙiro labari don ya fitar da ɗansa. Da safe uban saje ne, da la'asar ya zama mai guga, wanne za su ɗauka? Ya ce wataƙila ma su biyun za a rufe. Na miƙa takardun, ya karɓa ya ajiye bai buɗe ba. Na duba agogon bango, biyar da kwata.

Shi kuwa Baba idonsa a ƙasa yake. Ashe wandon samanjan yake kallo.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Wanda ya goge maka wandon nan da dutsen lantarki ya yi, kuma bai goga kyandir ta ciki ba. Dubi gwiwar, karin ya riga ya kwanta."

Na ce shi ke nan, yau mun kwana a nan. Samanjan ya dubi gwiwarsa, ya dubi Baba, ya daɗe. Sannan ya aika a karɓo dutsen gawayi da kyandir daga kasuwar bariki, ya sa aka kawo wata riga a yamutse.

Aka shimfiɗa bargo a kan benci. Hannun Baba da ke rawa tun daga gida, yana kama dutsen ya tsaya cak. Ya kusantar da shi kusa da kuncinsa ya ji zafin, ya guntsi ruwa ya fesa wa rigar da baki, ya juya ta ya ja kyandir a inda kari zai bi, ya mayar ya danna. Kari uku ya fitar a baya, a miƙe, tazararsu ɗaya, bai auna da komai ba. Wani garwashi ya faɗo masa a bayan hannu, ya karkaɗe bai ko duba ba. A nan na san inda tabon nan suka fito.

Samanjan ya ɗaga rigar ya juya ta. "Rabona da ganin wannan aikin tun ina kurtu," in ji shi. Sai a lokacin kyaftin ya buɗe takardun, ya bi shekarun makarantar ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu giɓin da mutum zai shiga soja har ya gudu. Ya ce a ba yaron takalminsa.

Kafin mu tafi samanjan ya kira Abdulmalik. "Wannan yaren mu muke koyar da shi, kuma da gumi ake samunsa. Wanda ya zo mana da shi a baki, ko dai daga wajenmu ya gudu, ko tsinta ya yi. Bana ka rasa, an gama da layinku kana zaune a nan. In ka dawo baɗi, ka gaishe ni yadda kake gaida kawunka." Ya juya ga Baba ya ce, "Kai kuma dattijo, furfurarka ta cece ka. A sauke sunan nan."

Har muka iso gida Abdulmalik bai dubi Baba ba. Ya shige ɗaki, ya ƙi abinci. Kwana biyu gidanmu babu fareti, babu magana, ni kuma sabon tsoro ya kama ni, kada mu ce mun ceto yaron nan ashe mun rasa shi a cikin gida.

Ran Juma'a da safe na tarar babu hoton a falo. Baba ya zuba gawayi a dutsensa, amma bai shiga ɗaki ba. Ya ɗauki tebur ya kai ƙofar gida, bakin lungu, ya shimfiɗa bargo. Malam Sule mai shayi ya zo wucewa, ya ƙame kamar kullum ya ce, "Saje, monin sa!"

"Ina kwana, Malam Sule. Hammadu ne, mai guga. Zauna in ba ka labari, ka taya ni kai wa mutane."

Ina laɓe a zaure sai na ji motsi a bayana. Abdulmalik ne, idonsa a kumbure, riƙe da rigarsa ta masallaci. Ya wuce ni, ya isa gaban teburin, ya tsaya. Na ga ƙafarsa ta motsa, sannan ta koma. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana."

Baba ya ajiye dutsen gugan. Ya miƙa hannu ya karɓi rigar, ya shimfiɗa ta a kan bargon, ya guntsi ruwa.