Ranar da Aka Kori Abinci daga Gidan Ubansa

A gidanmu na wajen Bakori, tun Nasara bai zo ba, kowa yana da tsagen gado a kumatu ban da ni. Fuskata sumul kamar bayan ƙwarya. Wata rana Laraba, 'yar kawuna, ta ce a gaban yara ni ba 'yar gidan ba ce, tsinto ni aka yi. Na ƙi tuwo, na zauna bayan rumbu ina kuka.

Bayan magariba Kaka ta tara mu bakin wuta, tana gasa gyaɗa. Ta harari Laraba.

"Ke mai bakin tsiya, matso. Tatsuniyar yau taki ce, ki buɗe kunne."

Wai an yi wani tsoho, gajere ƙwarai, sunansa Ci. Ya haifi Cima da Ciyarwa da Ciye-ciye, kowa da sunan uban a goshi. Autansu kuwa Abinci, nasa tsagen a ƙeya aka yi shi. Ranar rabon gado yayyen suka duba fuskarsa, suka ce, "Kai ɗan wa?" Suka kore shi.

"To, jama'a," in ji Kaka, "gidan da aka kori Abinci, me za a ci?"

Ciyarwa ta ɗora tukunya, ba abin zubawa. Ciye-ciye, uban kwaɗayi, ya koma lasar muciya yana salati. Kwana uku suka bi sawun autan da rarrafe. Da suka hango ƙeyarsa, ga sunan uban nan raɗau!

Muka kwashe da dariya. Kaka ta cafke ni, ta juya ƙeyata wajen wuta. "Ga nata nan! Laraba, kin gani?" Laraba ta leƙa, ta ga ludayi a hannun Kaka, ta ce wallahi ta gani. Daren nan malmala biyu na ci.

Kwanan baya jikana mai awon auduga a Funtua ya ce kalmomin Nasara ma haka suke, dangi-dangi daga uba ɗaya. Na ce ai Kaka ta riga su sani.

Abin da ban faɗa masa ba, sai da na yi haihuwar fari gwaggona ta gaya mini: a bakin rafi Kaka ta ɗauko ni, shekarar da mahara suka ƙone wani ƙauye. Ashe Laraba ce mai gaskiya. Na yi kuka, sannan dariya ta kama ni. Allah Ya yafe wa Kaka ƙaryar nan, don ita ce ta ba ni gida.