Ranar da muka kai tsofaffin kuɗin Baba Jega

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta da ranar kasuwar da muka shiga Jega ni da mahaifiyata, tana riƙe da gefen rigata saboda ba ta gani sosai. Shekaru sun wuce, amma har yau ina ganin abin kamar jiya aka yi.

A shekarar yanar ido ta rufe wa Inna idanu biyu, likita ya ce sai an yi aiki. Ni kuma albasar da na dogara da ita ta ruɓe a rumbu, abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Muna cikin wannan hali wani abokina direba ya ce akwai wani mai shago a Jega da ke sayen takardun kuɗin da aka daina karɓa, yana tura wa masu sha'awar tara su. Nan na tuna da akwatin ƙarfen marigayi Baba. A ciki akwai takardun fam da na sule, waɗanda canjin kuɗi ya rutsa da su a hannunsa tun kafin a haife ni. Bai jefar ba, ya naɗe su a farin ƙyalle ya ajiye.

Na zaro guda ɗaya na kai wa mutumin ya gani. Dattijo ne mai sanyin magana. Bai kama ta da hannu kai tsaye ba, sai da ya sa safar hannu, ya ɗaga ta a gaban fitila, ya bi kusurwoyinta da madubin ƙara girma. Ya yi mini bayani cewa daraja hawa-hawa ce. Wadda ba a taɓa ninkewa ba ita ce a sama, sai mai ninki ɗaya, sai wadda ta sha hannu ta yi laushi. Ya ce tawa tana kusa da ta sama, in sauran haka suke, aikin ido ba zai gagara ba. Ya ƙara da cewa kada in bari a ninke su.

Na koma garinmu Giwa Tazo kamar in yi tsalle. Na gaya wa Inna, ta yi ta hamdala. Washegari na wuce Aliero da ragowar albasata, na kwana biyu a can. Da na dawo ta miƙo mini ƙunshin a naɗe tsaf, ta ce da ita za a je, in an biya mu zarce asibiti Birnin Kebbi. Har ta haɗa kayanta a jaka.

A shagon, dattijon ya ba ta kujera, suka gaisa da mutunci. Yana buɗe ƙyallen na ga fuskarsa ta canja. Ya kai takarda ɗaya hanci ya shinshina, ya karkata ta ga haske, ya girgiza ta kusa da kunne. Ba ta yi ƙarar nan ta sabuwar takarda ba, sai lanƙwashewa ta yi kamar tsumma.

“Wa yat taɓa su?” ya tambaye ni a hankali.

Kafin in buɗe baki Inna ta amsa, da fara'arta. “Ni ce, Alhaji. Na ji suna warin akwati, na ce ba a kai ma mutum kaya da dauɗa. Na jiƙa su da sabulu, na shanya bisa faifai, na bi su da dutsen guga ɗaya-ɗaya. Ba su yi kyau ba?”

Dattijon ya ajiye takardar a kan tebur. Sannan ya ce, “Hajiya, Allah shi saka miki da alheri. Amma masu sayen wanga kaya tsufansa suka so. Takardar da anka wanke, anka goge, ta faɗi ƙasa da wadda ta yage.” Ya nuna mini yadda launin ja ya koɗe, da yadda zanen da a da ake jin tudunsa da yatsa ya kwanta ya yi sumul. Ya duba su duka, ko guda ba ta tsira ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta lalubo jakarta ta ɗora a cinya, ta ce, “To, mu tai gida.” Ta farkon da na kai masa, wadda ta kwana a aljihuna, ita kaɗai ya saya. Muka hau mota, muka wuce Maiyama. Sai da muka kusa gida ta ce, “Ni da hannuna na rufe idona.” Na yi ta ba ta baki, na san ba ta ji na.

Sai bayan kaka biyu na iya haɗa kuɗin aikin, lokacin ido ɗaya kawai aka samu ya buɗe. Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Inna, wadda duk unguwa ake kwatance da tsabtarta da iya aikinta, ta daina yarda da hannunta. Ko riga za ta wanke mini sai ta tsaya ta ce, “In taɓa?” Haka ta yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta hana ɓarna, kuma ba kowane tsohon abu ne yake neman gyara ba. Na kuma gane cewa wanda ya yi kuskure don ƙauna ya fi kowa shan azabarsa. Asarar takan wuce, shi kuwa ba ya yafe wa kansa ko da kowa ya yafe masa.