Shagon da Muka Wanke

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana binciken kisan kai a aikin ɗan sanda, ya yi ritaya da ciwon gwiwa da tambayar tsiya. Ko cokali ya ɓace a gida, sai ya titsiye mu har mai gaskiya ya fara in'ina. A ɗan garin namu Sufeto ake kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ranar da aka tsinci gawar telan layinmu a shagonsa, Baba yana asibiti karɓar magani. Ana fita da gawar, mu matan layi muka ce matarsa ba za ta ga jinin mijinta ba. Ni na ɗebo ruwa. Muka share, muka wanke, muka goge keken ɗinki tas. Har almakashin da ke yashe a ƙasa na ɗauraye, na rataye a ƙusarsa.

Baba ya iso yana dogara sanda, ya tsaya a bakin ƙofa. Shagon sai ƙamshin sabulu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Mu ne, Baba," na ce, har da alfahari.

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

'Yan sanda suka kama mai wankin da ke maƙwabtaka da shagon, don shi ya rungumi gawar, rigarsa duk jini. Baba ya duba rigar, ya ce wannan jinin ɗauka ne, ba na suka ba. Sabon jami'in da ke binciken ya ce, "Ranka ya daɗe, kawo mana wani, mu saki wannan."

Wata huɗu Baba yana bin gida-gida da ɗan littafinsa. Kowa ya ba shi kujera da ruwa, ba wanda ya ga komai. Abin da zai yi magana kuwa, mun kora shi kwata da tsintsiya.

Mai wanki ya shekara uku a gidan yari yana jiran shari'a, tari ya kashe shi a can. Baƙin cikin nan bai taɓa sakina ba.

Yanzu Baba ya rikice, ko sunana ba ya riƙewa. Amma kullum na kai masa ruwan wanka sai ya kama hannuna.

"Baiwar Allah, ke kika fara shiga. Zauna, ki natsu. Me kika gani a ƙasa? Akwai mutum a tsare, yana jiranmu."

Sai in zauna. Har yau na kasa gaya masa babu mai jira.