Lambar Surukina

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne da baranda, a layin da ke bayan tasha a Tambuwal. Tebur biyu, kabad na fayiloli, da fanka wadda ƙararta ta fi iskarta. Babban teburin na surukina ne, mahaifin matata, wanda kowa ke kira Ma'aji saboda shekarun da ya yi yana riƙe da baitulmalin wata ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya. Ƙaramin nawa ne. Ni ke da takardar karatun akanta, shi ke da mutane. Dillalan hatsi, masu kemis, ƙananan 'yan kwangila, duk don shi suke zuwa. Su zauna su yi hira da shi, su bar mini ledar rasit a kan tebur, su fita ba su ko riƙe sunana ba. Abin yana ba ni haushi, amma da shi nake ci da iyalina.

Ma'aji yana zaune ne a ƙauyensu da ke bayan Kebbe. Sau biyu a mako yake zuwa a kan kabu-kabu, ya sauka da jar ƙasa har a gemu, ya karkaɗe riga, ya zauna. Tun da surukata ta rasu, ofishin nan ne kaɗai ke fito da shi daga gida. Matata ta faɗa mini tun farko, ba wasa a fuskarta: "In kar raba Baba da ofis ɗin ga, ka gama da shi." Na ce mata wa zai raba shi, ofishinsa ne.

Sai aikin haraji ya koma intanet. Takardun da muke cikewa da biro muna kaiwa Sakkwato, aka ce yanzu ta kwamfuta za a riƙa turawa. Dole mu sayi manhajar da za ta tattara lissafin kowane mutum, ta fitar da abin da ya kamata ya biya. Aikin zaɓen ya faɗo kaina, don Ma'aji ko kunna kwamfuta bai iya ba, kuma bai taɓa cewa ya iya ba.

Guda uku na samu. Ta farko ta waje ce, kyakkyawa ƙwarai, sai dai da dala ake biyanta kuma ba ta san irin harajinmu ba. Da na gwada ta, sai ta riƙa tambayata abubuwan da babu su a ƙasar nan. Ta biyu wani mutum ne a Sakkwato ya haɗa ta da kansa. Shi zai zo ya ɗora maka a kwamfuta, ba ta buƙatar sabis, ga araha. Amma ba ta turawa, sai ka sake kwafe komai da hannu, kuma mutumin na kira shi sau biyar kafin ya ɗauka, tun bai karɓi kuɗina ba ke nan. Ta uku ta wani kamfani ce a Legas. Tana lissafi, tana turawa kai tsaye, ana biya shekara-shekara. Mako uku na yi da farar takarda na ja layuka ina auna su, ina jin kaina wani babban masani. Na auna kuɗi, na auna data, na auna wuta. Abin da zai kashe mu kuwa ko a gefen takardar ban rubuta shi ba.

Ranar da na kawo wa Ma'aji bayani, na tsaya gefen teburinsa kaina a ƙasa, yadda na saba. Shekara goma sha wani abu da aure, ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa katse masa magana ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To wagga ta ukun, mi ab bambancinta?"

Na ce, "Baba, tsaro gare ta. Duk sadda za a buɗe ta, sai an aiko lamba shida ga wayar mai ofis. In ba a sa lambar ba, ba mai shiga."

Ya ce, "Makulli ke nan."

"Makulli na, Baba."

"Ita za mu ɗauka. Sirrin mutane ba a barinai buɗe."

Na daɗe ban ga fuskarsa ta saki haka ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa da makullin sef a aljihu, an zo masa da abin da ya sani.

Nan take na kira kamfanin don yin rijista. Matar da ta ɗauka ta bi da ni fom ɗin layi-layi, har muka zo kan lambar waya. Ta ce, da Turanci, sau biyu ma, in sa lambar wanda zai riƙa aiki da manhajar kullum. Na ce na ji. Ina ɗago kai sai na ga Ma'aji ya riga ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa daga aljihu, ya ajiye a kan tebur, ya turo ta kusa da ni da yatsa ɗaya. Fom ya ce mai ofis. Mai ofis yana zaune a gabana, uban matata ne, kuma ya miƙo. Ta yaya zan rubuta tawa? Na rubuta tasa.

Ranakun da yake ofis, abin gwanin daɗi. Saƙo ya shigo, ya sa tabarau, ya karanto, in danna, allo ya buɗe. Sauran ranakun ne na gane abin da na yi wa kaina. Lambar minti biyu take yi ta mutu. Manhajar kuma da sabis ya ɗauke sai ta rufe, ta nemi sabuwar lamba, haka ma duk lokacin da za a tura takardar wani. Sabis a Tambuwal kuwa ya fi akuya yawo.

A ƙauyen Ma'aji wuri ɗaya ake samun sabis, kan tudun da ke kusa da firamare. Sai mu sa lokacin da zai hau tudun, in kira shi in ji ya hau, in kashe, in danna a turo lamba. Shi kuma ma'aji ne na gaske, ba ya faɗar lamba da ka. Sai ya buɗe saƙon, ya rubuta a littafinsa, ya sake dubawa, sannan ya kira ni. In ɗauka, idona a kan agogon da ke raguwa a allo.

"Salamu alaikum."

"Amin wa alaikumus salam, Baba."

"An kwana lafiya? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa ɗiyan? Ƙaramar ta samu sauƙin tarin? Ƙaƙa zafin ga?"

"Lafiya lau, Baba. Alhamdu lillahi, Baba. Da sauƙi, Baba."

"Madalla. To rubuta. Bakwai. Fuɗu..."

Kafin ya kai ta shida, allo ya yi ja. In ce, "Baba, ta wuce, bari a aiko wata." Ya ce, "Ikon Allah, gaggawa gare su." Ya kashe, ya rubuta sabuwa, ya kira, ya sake yin sallama. A karo na biyu yakan taƙaita gaisuwar, amma ba ya barinta duka. Wani lokaci mu ci nasara. Wani lokaci rana ta haske masa allon wayar, uku ta zama takwas. Kuskure uku, manhaja ta kulle sai gobe.

Wallahi na zagi kwamfutar nan zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na buga tebur har biro ya yi tsalle. Amma da waya ta yi ƙara, muryata sai ta koma ta mutumin kirki.

Na sake kiran kamfanin in ce a sauya lambar. Suka ce abu ne mai sauƙi: mai asusun ya fito a kiran bidiyo da katinsa a hannu, ya faɗa da bakinsa cewa ya miƙa wa wane. Tsaron da na saye ta dominsa ke nan, ba ni da bakin ƙorafi. Na roƙi matata ta yi masa maganar. Ta ce, "Ubana na. Ni ba ni iyawa. Kai kar rubuta, kai ka gyara." Muka yi kwana biyu ba ma magana sai ta yara.

Sau biyu na hau mashin na tafi har Kebbe da niyyar in faɗa masa. Tun daga Tambuwal nake tsara maganar, kowane rami na faɗa sai in sake ta daga farko. In isa, in durƙusa a zaure, a kawo fura in kasa sha. Ya tambaye ni manhaja, in ce tana aiki. Na dawo karo na farko da ƙullin albasa, na biyu da kaza, maganar kuma tana cikina.

Ɗan kabu-kabun da ke kawo shi, wani dattijo mai surutu, shi ya ƙarasa karya mini gwiwa. Ya ce ai Ma'aji yanzu duk ranar da bai zo ofis ba, da hantsi yana kan tudu, da tabarmarsa da littafinsa da biro, har azahar, ko an kira ko ba a kira ba. In mutane suka tsaya gaisuwa sai ya ce su yi haƙuri, aiki yake, ofis ba ya buɗuwa sai da shi. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na ji haushin kaina fiye da duka.

Haka muka shiga watan da kowa ke neman takardarsa. Aiki ya taru, ina yin na mutum ɗaya a ranar da ya kamata in yi na biyar. Akwai wani Alhaji dillalin hatsi daga Sanyinna, tsohon abokin Ma'aji, wanda ke neman kwangilar kai gero da dawa wata makarantar kwana. Sai da takardar shaidar biyan haraji za a karɓi takardunsa, kuma wa'adi ya matso. Na gama masa komai, saura turawa. Ranar nan lamba uku muka ɓata a jere, manhaja ta kulle. Washegari Ma'aji ya tafi jana'iza wani ƙauye inda babu sabis ko kaɗan. Da muka tura a rana ta uku, lokacin da ya rage bai isa takardar ta fito ba.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zo ya zauna, ya tambayi lafiyar Ma'aji, sannan ya ce in ba shi fayil ɗinsa zai duba wani abu a gida. Ya sa a leda ya fita. Bayan mako guda mai kemis na Jabo ya zo shi ma zai duba wani abu a gida. Na ji labarin wani ofis a Sakkwato suke kaiwa, inda ake gama wa mutum yana tsaye.

Ban san wanda ya gaya wa Ma'aji labarin Alhaji ba. Wata Laraba, ranar da ba tasa ba, sai ga shi da rana tsaka. Bai karkaɗe rigarsa ba. Ya zauna a teburinsa, ya ciro wayar, ya ɓalle bayanta, ya cire batir. Ya daɗe yana fama da sim ɗin da farcensa, ni kuwa ina tsaye na kasa cewa in taya shi. Da sim ɗin ya fita, ya taso da kansa ya ajiye a kan teburina.

"Sa shi ga taka."

Na ce, "Baba, ai ba sai..."

"Na san abin da yak kai ka gida har sau biyu. Da ka faɗi, da Alhaji bai yi hasara ba." Ya mayar da batir cikin wayar da babu komai a cikinta, ya rufe, ya sa aljihu. "Ni ma na gane tun dauri. Ban dai so in gane ba."

Ya ce in gaida ɗiyan. Ya hau mashin ɗin da ya kawo shi, wanda ko kashewa ba a yi ba.

Manhajar tana aiki yanzu, ba ni da abin da zan ce da ita. Saƙo na shigowa a tafin hannuna, in danna, ta buɗe. Aikin mako guda ina gama shi kafin azahar, in zauna ina kallon titi. Layin Ma'aji kuma bai daina ƙara ba. Mutane su kira, su ji muryata, su ce ina Ma'aji. In ce yana gida, amma ofis a buɗe yake, su kawo takardunsu. Su ce to, sai ya zo. Wasu sun kawo, yawanci ba su kawo ba. Na sai masa sabon layi na ba matata ta kai. Ta dawo ta ce ya karɓa ya yi godiya, ya sa a ƙarƙashin filo da kwalinsa. 

Kwanan nan kamfanin ya aiko cewa shekara ta kusa cika, in sabunta. Ban amsa ba tukuna. Fayilolin da suka rage a kabad ba su cika layi ɗaya ba, kuma ban san wa zan sabunta wa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Na same shi a zaure, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa inda na saba. Ya tambayi 'yarsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ya tambayi hanya, ya tambayi farashin gero a kasuwarmu, har mashin ɗina ya tambaya ko na gyara birkin. Na zauna har la'asar ina jira. Bai tambayi ofis ba.